Almakashi a Hannun Hagu

Talata, bayan isha'i

Na gaji. Tun safe muna tsinkar tumatir a gonar Baba a Kadawa, da azahar kuma na tafi Kura wajen koyon ɗinki. Baba ya sake maimaitawa: idan lokacin dashen shinkafa ya zo ban iya yanka riga ba, na daina zuwa ke nan.

Malamarmu ta da, in ta ga almakashi a hannuna na hagu sai ta buge hannun, wai sana'ar da aka fara da hagu ba ta albarka. Da hannun dama kuwa yankana karkacewa yake yi, 'yan aji su yi ta dariya.

Yau sabuwar malama, Anti Rabi, ta tsaya a kaina. Na yi maza na mayar da almakashin hannun dama.

Ta ce, "Ke Safiya, da wane hannu kike tsinkar tumatir?"

Na sunkuyar da kai, na ce da hagu.

"To mai kaya ba ta tambayar hannun da ya yanka. Rigarta za ta duba."

Ta zagaya ta zauna tana fuskantata, ta ce in riƙa kwaikwayonta kamar ina duba madubi. Wayarta na ta ƙara, ba ta ɗauka ba. Hannun riga ɗaya na yanka a takardar siminti, kuma ya fito daidai. Babban yatsana ya yi bororo, don almakashin na masu dama ne.

Na nuna wa Baba. Ya jujjuya takardar, ya ce, "Rigar taku hannu ɗaya gare ta?"

Irin shinkafar da za a dasa kuwa har ya tsiro.