Giginyun da Na Ƙi Sarewa

Zuwa ga ƙanena Yermias, a Kupang.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikinka, yaya Marselina da yara? Mu nan tsibirin Rote lafiya, sai gwiwa. Surukata Dorkas ce ke riƙe da alƙalami, na hana ta tausasa ko kalma ɗaya.

Shekara ashirin da shida ke nan da ka tsaya a ƙofar coci ka kira ni birin giginya, jama'a suna dariya. Ka sare rabonka na giginyun Baba ka shuka masara, wai kai mai boko ne, ka gaji da shan abincinka a ƙoƙo. Ban manta ba. Wasiƙa uku na aika maka a kai, shiru.

To ga labari. Damina biyu ke nan ruwa bai yi kwana goma ba. Masara ta ƙone tun tana iya gwiwa. Tafki ya tsage, balbelu sun bar mu, rijiyar coci ta koma laka. Giginyuna arba'in kuwa ko a jikinsu. Safe da yamma birin nan yana hawa ya sauko da ruwan zaƙi, Dorkas ta dafa ya zama maɗi. Gida goma sha ɗaya ke sha daga tulunana, har aladunsu. Obet Ndolu, wanda ya fi kowa dariya ranar, ya zo da ƙoƙonsa yana ce mini yaya. Na ce ya matso, biri ba ya cizo. Jikarsa da aka haifa watan jiya, maɗina aka fara ɗiga mata a baki kafin nono, yadda aka yi mana.

Amma gwiwata ta kusa ajiye aiki, bishiyoyin ma sun tsufa. Na tara ƙwallon giginya ɗari biyu, babu inda zan binne su sai filinka da ke kwance fayau. Ba zan taɓa ƙasarka ba sai da izininka. Shekarun da za su ɗauka kafin su ba da ruwa ba zan gani ba, jikar Obet za ta gani.

Na kuma ware mana giginya biyu mafi miƙewa na akwatin gawa, kamar na Baba. Taka tana nan, duk da bakinka.

Ban ce ka ba ni haƙuri ba, ko da yake ya kamata. In shuka ko kada in shuka? Ka amsa mini kafin hadari ya haɗu, Yermias. Wannan karon ka amsa.

Yayanka,
Soleman Lenggu