Nonon Rabi da Nake Zubarwa a Jirgin Yawunde

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ina roƙon a ɓoye sunana, kuma a daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Ni ɗan Garwa ne, shekara biyu da gama jami'a, kuma aikin gwamnati yana kai ni Yawunde a jirgi kusan kowace Alhamis da takardun ofis. Gidanmu 'yan kasuwa ne. Yayana ya auri wata yarinya, bari in kira ta Rabi, 'yar mahauci, abin da Hajiyarmu ba ta taɓa yafewa ba. Wata uku da suka wuce Rabi ta haifi ɗanta na fari, aka yi mata aiki, ɗinkin ya yi ruwa. Jaririn kuma ya zo da ciwon hanji, likita ya ce sai Yawunde. Hajiya da Yaya suka tafi da shi, aka bar Rabi a gadon asibiti nono yana jiƙa mata zane. Ungozoma ta ba ta abin tatsa, na gilashi mai ƙwallon roba a gindi, ta ce ta riƙa tatsa kada ruwan ya ƙafe, in kuma an samu ƙanƙara da mai tafiya a kai wa yaron. Mai tafiyar ni ne.

Alhamis ta farko mahaifinta ya same ni a filin jirgi da tarmos ɗin nonon a naɗe cikin buhu, da ƙanƙarar da ya roƙo a ɗakin sanyi na mayanka. Ya haɗa mini da abin tatsar, ya ce robar ta tsage, in nemo sabuwa a Yawunde. A layi jandarma ya buɗe jakata, ya ɗaga abin sama yana matsa robar kamar ham ɗin keke, ya ce da Faransanci, "Malam, shayarwa kake yi?" Shef ɗina, wato shugaban ofishinmu, yana bayana da Turawa biyu. Shef ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Shekara huɗu a jami'a, ka ƙare a ɗan aiken nono." Ƙanƙarar ta soma narkewa, ruwa ja-ja mai ƙarnin nama yana ɗiga a kan takardun. Da jirgi ya tashi na shiga bayan gida, na kulle, na tuttule tarmos ɗin duka. Na ce wa kaina wataƙila ya riga ya lalace. Ko shinshinawa ban yi ba.

Da na isa na gaya wa Hajiya gaskiya, ina jin so nake ta yi mini faɗa. Sai ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Nono hali ne, jikana ba zai tsotsi wuƙa da jini ba. Madarar gwangwani ta ishe shi. Haka za ka riƙa yi, kuma kada Yayanka ya ji."

Ranar Asabar na kai wa Rabi sabuwar roba. Kun san kunyar ɗan fari, ba ta iya kama sunansa, ba ta iya tambayar manya lafiyarsa. Ni kaɗai take iya tambaya, saboda wasan da ke tsakanin mace da ƙanin miji.

"Mijina ƙarami, mutumin Yawunde ya sha?"

"Ya sha."

"Duka?"

"Duka. Har ya yi kukan ƙari."

Wa ya sa ni ƙara wannan? Ta yi dariya tana dafe da ɗinkinta, ta ce, "Jikan mahauta ne, ba ya barin saura."

Sau goma sha ɗaya ke nan ina zubarwa. Tun da aka sallame ta da kanta take zuwa filin jirgi, a ƙafa, tana tafiya a hankali. Na taɓa ganin launin nonon ya sauya, ta sunkuyar da kai ta ce wurin ne ya tsage saboda yawan tatsa, in ba Hajiya haƙuri, ba ƙazanta ba ce. Na ce zan faɗa. Bayan awa guda na zubar da shi a saman Ngawundare. Ba wanke kaina nake so in yi ba, amma mai yiwuwa da a ce akwai waya a gidajenmu, ko Rabi ta iya rubutu, da abin bai kai haka ba. Duk abin da zai fita daga bakinta zuwa kunnen mijinta, sai ya bi ta bakina.

Wata rana a asibitin Yawunde Yaya ya tambaye ni, Hajiya tana zaune tana kallona, "Rabi ba ta aiko da komai ba? Ko gaisuwa?" Na ce, "Ban ga komai ba, Yaya." Hajiya ta ce, "Ka ji ko? Likita yana ta neman nonon uwa, ita tana gidan ubanta tana cin tsire. Akuya ma tana kukan ɗanta." Yaron yana kwance tsakaninmu, ya rame, madarar ba ta zama a cikinsa. Ni ba likita ba ne, ban sani ba ko tarmos ɗaya a mako zai yi masa wani amfani. Amma ina da hurumin yanke wannan? Wane irin ilimi ne na yi da dariyar shef ta fi mini nauyi a kan cikin jariri?

Tafiyar da ta wuce Yaya ya miƙo mini ambulan a liƙe, ya ce, "Ka kai mata. Ka gaya wa ubanta yaro zai zauna wurin Hajiya. Uwar da ba ta tambayi ɗanta ba wata uku, ba ta bukatarsa." Ban buɗe ba, amma na san takardar saki ce. Kwana uku tana aljihuna, na kasa bi ta unguwarsu.

In na yi shiru, Rabi ta rasa aure da ɗa a kan laifin da ba ta ma san ana zarginta da shi ba. In na faɗa, na tona asirin mahaifiyata a gaban ɗanta, kuma Hajiya ta ce duk ranar da na buɗe baki ba ta yafe mini nonon da na sha ba. Ban ma tabbata Yaya zai yarda da mutumin da ya yi masa ƙarya ido da ido ba. Jibi Alhamis, Rabi za ta zo filin jirgi ta miƙo mini na goma sha biyu, ni kuma takardar mijinta tana jikina.

Don Allah masu karatu, musamman malamai da iyaye mata, me zan yi?