Je Ka Wurin Wakili

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Baban yara da yaran gaba ɗaya. Yaya ciwon gwiwar nan? Na san za ki ce da sauƙi, ko da rarrafe kike yi.

Kin tambayi yadda aikin yake, kuma ya kamata ki tambaya, tunda ke kika yi ta zuga ni in karɓa. A faɗe abu ne mai sauƙi. Ni ne wakilin Maigida: shi ke da gona, ni ke da ciwon kai. In an cire gyaɗa ni nake nemo mai saye, ni nake tsayuwa a kan sikeli kada a yi mana wayo, ni nake karɓo taki da maganin feshi bashi a wurin mai shago, in kaka ta yi in je in biya. Makullin sito a aljihuna yake kwana.

Bana an samu gyaɗa, alhamdu lillahi. Na sayar wa mai injin matsar mai kaso mafi yawa, na biya mai shago, na sallami 'yan ƙwadago. Abin da ya rage na kasa shi biyu. Na bakin ƙofa na ci ne da kyauta. Na can ƙuryar sito kuwa iri ne, wanda na sa aka tsince da hannu aka fitar da duk mai ƙwari da mai ruɓa, na jera buhunan a kan katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa su. Wannan irin shi ne gonar baɗi. In babu shi, ƙasa ce kawai muke da ita.

To ga inda gizo yake saƙar. Maigida mutumin kirki ne, ban taɓa musu ba, amma bakinsa bai iya furta a'a ba. Da hantsi zai fito ya zauna a kujerarsa a ƙofar gida, mutane su yi ta zuwa gaisuwa, kowace gaisuwa kuma da jela. Wannan matarsa ta haihu, wancan rufin ɗakinsa ya yaye. Amsarsa ɗaya ce ga kowa, wai je ka wurin wakili ya ba ka. In na bayar, da yamma ya kira ni ɗaki ya ce ina so in talauta shi, ban san kunya ce ta sa shi faɗa ba? In na hana, mutumin ya koma ya kai ƙarata, Maigida ya girgiza kai a gaban jama'a ya ce ai wannan wakilin nasa sai haƙuri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan, Yaya. Shi ake yi wa addu'a, ni ake yi wa tsaki.

Jiya dai na gaji, na same shi shi kaɗai na ce mu yi wata dabara. Kin san ba ya tafiya sai da sanda, wata mai kan azurfa da duk unguwa an san ta. Muka yi da shi cewa wanda yake so in ba da gaske zai haɗo shi da sandar, wanda kuwa ya zo hannu rabbana in ba shi haƙuri in ce babu. Ya yi dariya har da tari, ya ce ashe kan nawa ba na ɗaukar hula kawai ba ne. Yau mutum biyu suka zo babu sanda, na sallame su cikin mutunci, kuma ba a kira ni ɗaki ba. Ki taya ni addu'a abin ya ɗore.

Matata tana gaishe ki. Ki shafa min kan yara.

Ƙaninki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ku lafiya. Na ji kin je asibiti, Allah ya ƙara sauƙi. Ni kam lafiyar jiki kawai zan iya ba ki labarinta.

Dabarar sanda ta mutu, kuma wanda ya kashe ta shi ne mai sandar. Yana zaune ana yi masa aski, daɗin hira ya kwashe shi ya ba mai askin labarin irin wayon da muka ƙulla. Abin da ya shiga kunnen mai aski kuwa ya shiga kunnen gari. Tun daga ranar ba wanda yake roƙon Maigida gyaɗa, sanda ake roƙa. Shi kuma da ba ya iya hana magana, ina zai iya hana sanda ga mutumin da ya durƙusa yana kallonta? Haka take wuni a hanya tsakanin gidansa da sito, wannan ya kawo, ya mayar, wancan ya karɓa. Akwai ranar da ya so shiga cikin gida ya kasa tashi daga kujera, don sandar tana hannun wani tela a bakin sitona. Har direban da ke kwasar mana kaya, wanda ake biyansa lada, shi ma ya zo min da ita a saɓe a kafaɗa yana murmushi.

Ba na ce duka ba su da buƙata ba. Akwai wata tsohuwa mai wanki da ko ba sanda da na auna mata. Amma kason bakin ƙofa ba rijiya ba ne, ya ƙare ƙarƙaf, har na share wurin. Na je na faɗa wa Maigida a fili cewa abin da ya rage iri ne, kuma ko an zo da sanda goma ba zan taɓa ba. Ya ce haka ne, Allah ya yi min albarka, in tsaya a kan haka.

Washegari sai ga surukin mai aski da sandar, wai an ce in ba shi buhu biyu, kuma na iri yake so don shi ma zai shuka. Yaya, raina ya ɓaci. Na karɓi sandar na jingine ta a bayan ƙofa, na ce ya koma ya ce iri ba ya fita, sanda ma ba ta komawa sai yamma. Na ɗauka in ta wuni a wurina za a samu hutu.

Ban daɗe da zama ba na hango Maigida tafe yana dafa bango, mutane a bayansa ɗuu kamar ana rakiyar mara lafiya. Wallahi na ji tausayinsa, na tashi da sauri zan miƙa masa sandar. Bai karɓa ba. Ya tsaya yana haki ya tambaye ni a gaban kowa, wai gyaɗar nan ta ubana ce ko tasa? Ya ce shi bai taɓa ganin marowaci da dukiyar wani ba sai ni, na sa ana ganinsa ƙaramin mutum a unguwar da aka haife shi. Wani daga baya ya ce ai dama an daɗe ana faɗa.

Kin san ni da zuciya, ke kika sha raba ni faɗa muna yara. Na zaro makullin na ɗora masa a tafin hannu, na ce tasa ce, Allah ya huci zuciyarsa, na kama hanyar gida. Matata ta ce gara haka, don ita ma ta gaji. A wurin ɗiban ruwa in ta iso sai mata su yi shiru, ranar nan wata ta ce mata a gaida mai hana ruwa gudu.

Ban ajiye aikin ba, makulli kawai na ajiye. Gobe zan tafi karɓo takin bana, kuma tafiyar za ta ɗauke ni kwanaki. Ina ganin in ya tsaya da kansa a bakin sito ya ga buhunan da idonsa, zai san iyakar abin da yake da shi. Mutumin da ya yi shekaru yana noma ai ba sai an faɗa masa mene ne iri ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baban yara. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, hankalina ba a kwance yake ba.

Na dawo da taki cike da mota, na tarar da sito a buɗe. Katakan da na jera buhuna a kai suna nan, buhunan ne babu. An ce ranar farko Maigida ya hana mutum ɗaya, mutumin ya share hawaye, sai Maigida ya kira shi ya ba shi, shi ke nan ƙofa ta ɓalle. Abin da na samu rabin buhu ne da ɓera ya huda, sai wadda ta zube a ƙasa. Na tsaya a tsakiyar ɗakin nan ina ta kallon taki, abincin shukar da ba mu da ita.

Ga shi ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu sosai. Masu shanun huɗa sun zo suna tambaya yaushe za a fara, 'yan ƙwadagon da suke ci da iyalinsu daga gonar nan kullum suna bakin sito da fartanyoyinsu. Na rasa da wane ido zan kalle su.

Maigida ya aiko aka kira ni. Na shiga ina jiran ko da rabin ban haƙuri ne. Ya sa na rufe ƙofa, ya dube ni idonsa ya yi ja, ya ce ni da na san halinsa me ya sa na ba shi makullin? Wai don me yake biyana in ba don in hana shi ba? Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, ta wani gefen yana da gaskiya. Na san halin nasa sarai, fushi ne ya sa na yi kamar ban sani ba. Amma ki faɗa min, mutumin da in ka hana shi ya zage ka, in ka bar shi ya zarge ka, ta ina ake kama shi?

Na bi gidajen waɗanda aka ba ɗaya bayan ɗaya, ko za a samu abin da ya rage. Wasu sun cinye, wasu sun kai kasuwa, masu hankalin cikinsu sun riga sun shuka. Surukin mai aski ya tarbe ni da fara'a, har ya kai ni gonarsa in ga yadda ta fara tsira, ya ce a gaida Maigida, irin nan ba shi da na biyu. Na ce na sani, ni na tsince shi.

A kasuwa iri ya yi tsada, abin da ake samu ma gauraye ne, rabi ba zai fito ba. Mai shago ya ce ya ba mu taki bashi saboda fuskata, amma ba zai ƙara da iri ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Shi ya sa na juyo gare ki, ina jin nauyi. Na san Baban yara yana ajiye iri mai kyau fiye da abin da gonarsa take ci. Ki yi masa magana ya ranta mana ko yaya ne, in an cire amfani ni da kaina zan mayar da ƙari. Lokacin shuka ba ya jiran kowa, in ƙasa ta sha ruwa ta wuce ƙa'ida ko an samu irin ba zai yi amfani ba. Don Allah kada ki bari takardar nan ta kwana a ƙarƙashin filo.

Ƙaninki mai jiran amsa,
Auta

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode ƙwarai da wahalar da kika sha, ga ciwon gwiwa. Ina fata kowa lafiya.

Na karanta yadda aka yi. Baban yara ya ce ai Auta nasa ne, ko duka yake so a ba shi, ki je wurin mai kula masa da sito. Kika je, mai sito ya ce abin da ke ciki daidai gonarku ne, ragowar an riga an yi alkawarinsa ga masu yi muku aiki, ba zai fitar da ko mudu ba. Kin ce kun yi kaca-kaca, har kin rantse sai kin sa an kore shi.

Ba zan ɓoye miki ba, da na kai nan a karatu na yi jifa da takardar, na ce wannan wane irin marowaci ne, kayan ubansa ne? Matata tana tsintar shinkafa a gefe, ta ɗago kai ta dube ni kawai. Sai na ji kunya ta rufe ni.

Mun shuka abin da muka share a sito, bai cika ko kusurwar gonar ba. Sauran ciyawa ce ta fito, kore shar, mai ban haushi. 'Yan ƙwadago sun watse neman aiki a gonakin mutane, wasunsu a gonakin da aka shuka da irinmu. Takin yana nan jibge, bashinsa yana wuyana. Maigida ya daina fitowa ƙofar gida, ko da yake ba wanda ya zo ya tarar ba ya nan, don masu gaisuwar sun ɗauke ƙafa. Ni nake zuwa in zauna da shi da yamma, ba ma wata hira. Har yanzu ina jin haushinsa, kuma na kasa tafiya in bar shi.

Roƙona ɗaya ne, Yaya. Ki janye rantsuwar nan, ki yi kaffara in ta kama. Kada ki bari a kori mutumin nan, kada kuma ki bari Baban yara ya ci masa fuska a gaban mutane saboda ni. Gonarku za ta yi kore bana, kuma ba wanda zai ce masa sannu. In kin gan shi ki ce ƙaninki yana gaishe shi, ya riƙe makullinsa da kyau, ko wa ya zage shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara miki lafiya.

Ƙaninki,
Auta