Muryarka Tana Yawo a Urno

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sanyaya makwancinka. Na san babu mai kai maka wannan takarda, babu kuma amsar da za ta dawo. Amma abin da ya faru a Bangi ya fi ƙarfin cikina, kuma kai kaɗai na saba juye ma labari.

Ka tuna ranar da ka dawo daga Madawa kana dariya, ka miƙo mini waya ina tsakiyar tankaɗe? Kullum da abin da ka tsinto a intanet. Yau filin ƙwallon da aka gina bisa ruwa, gobe rigar ƴan wasan wata ƙasa mai zane kamar saƙar luru, wadda ka duba ka zana ma yaran garinmu tasu da hoton albasa a ƙirji. Ran nan kuwa na'ura ce mai kwaikwayon murya. Ka ce in ta saurari mutum na ɗan lokaci, sai ta faɗi abin da bai taɓa faɗi ba, da bakinsa. Ka tura ma abokanka na gurup, yadda ka saba tura komi.

Bayan sadakar arba'in ɗinka aka fara shirin wasan ƙwallon Bangi da maƙwabtanmu Urno, wanda kai ka saba tsayawa bakin fili kana ba da labarinsa a waya har ƴan cirani su ji. Sai ga wani saƙon murya yana yawo. Muryarka ce, Maigida, har da ɗan tarin nan naka. Kana zagin mutanen Urno, kana ce musu ɓarayin awaki, kana ambaton iyayensu mata. Aka ce wai ka ɗauke shi kafin ka kwanta ciwo.

Sa'adu bai san da zancen ba ya tafi kasuwar Urno da buhun wake. Ya dawo babu waken, goshi a fashe, riga jina-jina. Ɗanka na fari ke nan, wanda ko kaza ba ya iya yankawa. Kafin la'asar samari sun cika ƙofar gida da babura da gorori. Ƙanenka Habu ne ya gitta babur ɗinsa a hanya, ya ce sai dai su bi ta kansa. Ina bayan danga ina jin komi, takaba ta hana ni fita. Ka san yadda ake ji, mutum yana sauraron yadda za a zubar da jini da sunan mijinsa, ƙafafunsa a ɗaure?

Inna, mahaifiyarka, ta fi ba ni tsoro. Wata maƙwabciya ta kunna mata saƙon. Ba zagin ta ji ba, ɗanta ta ji. Tun ranar take tambaya ina muka ɓoye ka. Ta koma zama bakin zaure, fura ma sai da lallashi. Me zan ce mata? In ce kai ne, ko in ce ba kai ba ne?

Ni dai tun jin farko na gane. Mai maganar nan cewa yake "faɗa", kai kuwa "hwaɗa" kake cewa har ka koma ga Allah. Yana cewa "me", kai "mi". Hausar rediyo ce aka sa ma muryarka. Kuma ta yaya za ka zagi garin da kawunanka ke kwance?

Habu ya je da kansa ya roƙo dattawa biyu daga Urno da shugaban ƴan wasansu. Suka zauna a zaure, ni ina bayan asabari. Na kunna musu tsofaffin labaran wasanka, sannan na kunna sabon. Na nuna musu bambancin, na gaya musu zancen na'urar nan. Ɗaya dattijon ya ce shi ya yarda ba kai ba ne, ya nemi gafarar abin da aka yi ma Sa'adu. Shugaban ƴan wasan kuwa ya ce na'ura ba ta san Urno ba, ba ta san awakinsu ba, wani ne ya rubuta mata. Babu wanda ya musa masa.

An ɗage wasan sai bayan girbi. Babura sun watse, goshin Sa'adu yana haɗewa. Amma maganar mutumin nan ta zauna mana a gida. Wa ke da muryarka da yawa haka? Wa ya ga abin da ka tura ran nan? Abokanka suna zuwa gaisuwa kamar da, ina aika musu da ruwa, ina kasa kunne daga ciki ko zan ji wanda muryarsa za ta karye. Sa'adu ya daina zama cikinsu. Ina tsoron ranar da zai ɗora ma wani laifin, ko da gaskiya ko babu.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ina nuna kamar tsince-tsincenka na damuna, ina cewa ka bar ni in yi aiki. Wallahi jiran su nake yi. Ta wayarka na ga teku, ta nan na ga dusar ƙanƙara bisa filin ƙwallo.

Ga kuma wanda ko Habu bai sani ba. Ya ce kowa ya goge saƙon, kowa ya goge, ban da ni. Tsofaffin labaranka na haddace su, na san inda za ka ja numfashi. Wannan ne kaɗai inda muryarka ta faɗi abin da ban riga na sani ba. Zagi ne, ƙarya ce, na sani. Duk da haka in na shiga ɗaki sai in rage sauti, in kara a kunne, in ƙi jin kalmomin.

Ka yafe mini wannan. Allah ya gafarta maka, ya tona mana gaskiya ba tare da an sake fasa kan kowa ba.

Ni ce mai takabarka,
Uwar Sa'adu, Bangi