Baƙin Wilin Gaba

Auta,

Na ji kana gaya wa matarka wai ni nake cinye birkin motar nan, ƙafar tsohuwa ba ta sauka daga kansa, shi ya sa wilin gaba ya yi baƙi kamar gindin tukunya, shi ya sa kuma ka ɓoye mini makulli. Shekara talatin ina koyar da kimiyya, ban taɓa karɓar "wai" ba sai na gwada.

Ran Asabar na wanke wili huɗun da kaina, da sabulu da ruwan ɗumi, har lungunan da soso ba ya shiga. Tun ranar ban taɓa sitiyari ba, kai kaɗai kake fita. Yau da safe na goga farin hankici a wilin gaba. Ga shi nan kusa da kofin shayinka. Baƙin da ke jikinsa ƙurar birki ce ta kwana shida, kuma duk ta ƙafarka ce.

Na ɗauki makullina a inda ka ɓoye shi, na tafi gidan yayarka. In ka tashi ka sayi sabon buroshin haƙori. Da shuɗin nan naka na wanke lungunan, na ɗauraye na mayar.

Mama