Nunan Fari na Kwakwar Sosamma

Sharjah

Ƙanena Ittoop,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Mama da ƙafarta? Yaya damina a Pala?

Hoton da matata Aleyamma ta aiko ya iso. Na ga 'yata Sosamma ɗauke da kwakwa a gaban bagade, na ga hannunka a kafaɗarta, kana washe baki kamar kai ka haife ta. Ittoop, wa ya shuka bishiyar kwakwar nan ranar da aka haifi yarinyar? Ka san yadda muke yi tun zamanin Kaka: wanda ya shuka shi ke kai nunan fari coci. Ko ka sa a ambaci sunana, ka kasa?

Aleyamma ta ce Fada ya yi wa'azi a kan Mahalicci har mata suna share hawaye. Ai ku yabon Mahalicci bai yi muku wuya ba, kuna zaune cikin kore, ruwa na sauka a kanku. Ni nan siminti nake shaƙa. Wani lokaci nakan dubi rairayin nan in ce, anya hannu ɗaya ne ya yi shi da garinmu?

Ba na musun cewa kai ka ba bishiyar ruwa duk shekarun nan. Amma abin ya tsaya mini a wuya.

Yayanka,
Varkey

Pala

Yaya Varkey,

Salama. Mama ta ce in gaya maka tun kana goye kake da wannan fushin.

Kwakwar ta nuna, Yaya. In ce mata ta dakata sai an ba ka hutu? Wanda ya halicce ta bai tambayi kamfaninku ba.

Ga abin da hoto bai nuna maka ba. Fada ya sunkuya ya ce, "Sosamma, wa ya yi kwakwar nan?" Ta ce, "Allah." Ya ce, "To wa ya kawo?" Ta ce, "Baba ne ya aiko. Baffa ɗan rakiya ne kawai." Coci duk aka fashe da dariya. Wannan ne washe bakin da ka gani, na kunya ne.

Ka sani, tun da Aleyamma ta gaya mata kai ka shuka bishiyar, Baba take kiran bishiyar. Kullum kafin makaranta sai ta je ta gaishe ta. Ran da na yi mata faɗa, can ta kai ƙarata. Ni nake wanke mata ciwo, ni nake ɗaukarta in ruwa ya cika hanya, amma ban taɓa samun rabin gaisuwar da icen nan yake samu ba. In kishi ne, Yaya, ka shiga layi a bayana.

Ƙanenka,
Ittoop

Sharjah

Ittoop,

Salama. Na karanta a bakin aiki, sai da na juya wa mutane baya.

Na zalunce ka, ka yafe mini. Amma ba ka rage mini komai ba. Da kai nake kishi, yanzu kuma da bishiya.

Na nemi hutun Kirsimeti, ban san ko za su ba ni ba. Ka bar nonon kwakwa ɗaya a sama, kada kowa ya taɓa. Ni zan hau in sauko da shi a gabanta, in ƙafafuna ba su manta hawa ba.

Kada ka ce mata komai tukuna. Ina tsoron in tsaya kusa da icen, ta dube mu, ta gaishe shi.

Yayanka,
Varkey