Afra'u 'Yar Riƙo Ce, Fom Ɗin Biza Kuma Bai San Riƙo Ba

Anti Zulfa, don Allah ki agaza min da shawara kafin ƙarshen watan nan. Akwai takardar da ke jiran sa hannuna, na kasa sa wa, na kuma kasa yagawa.

Ni 'yar Kademi ce, ina aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfanin irin shuka da ke da gonaki tsakanin Gaya da Ajingi. Duk wanda za a tura ƙasar waje ta teburina yake bi: fasfo, biza, izinin aiki, gidan da zai sauka, har makarantar yaransa. Shekarata shida a kai, kuma wallahi ina son aikin nan. Ki ga mutumin da bai taɓa wuce Kano ba ya turo miki hoto cikin ƙatuwar rigar sanyi yana washe baki, ai ranar ko tuwo sai ya fi daɗi. Mijina ma tsokanata yake, wai na tura rabin Gaya duniya, ni kuwa iyakata ƙofar filin jirgi. Ban damu ba, hakan ya yi min.

To ga abin da ya taso. Akwai wani malamin gona namu, bari in kira shi Malam Sagiru, mutumin Gafasa. An zaɓe shi ya je reshen kamfani na wata ƙasa shekara uku, shi da iyalinsa, kuma ya cancanta, tambayi manoman wake na Toranke ki ji. Shi da matarsa Barira Allah bai ba su haihuwa ba. Wansa Bala ne ya ba su 'yarsa Afra'u ranar da aka yaye ta, yanzu shekararta tara. Barira ce ta yi jinyar ƙyanda, ita ke kitso, Malam Sagiru ke kai ta makaranta a babur. Yarinyar ta san komai, ba a ɓoye mata ba, katanga ɗaya ce ma tsakanin gidajen biyu.

Da na zo cike fom, inda aka tambayi dangantaka, sai na rubuta 'yarsa ce ta cikinsa. Anti, ban yi don ha'inci ba, hannuna ne ya rubuta abin da kowa a Gafasa zai faɗa. Ni kaina goggona ce ta riƙe ni, kuma har aka yi min aure ban taɓa jin wanda ya ce ni ba 'yarta ba ce. Sai da takardar haihuwa ta iso na ga an rubuta Afra'u Bala, nan na dakatar da fom ɗin. Allah ya rufa asiri ban riga na aika ba.

Na je wajen manajarmu, wadda ba 'yar ƙasar Hausa ba ce, na yi ta fama in fahimtar da ita riƙo. Ta tambaye ni ina takardar da aka yi lokacin bayarwa. Takarda kuma, don mutum ya ba ƙanensa 'ya? Saura kaɗan in yi dariya. Ta ce tsarin kamfani mata da 'ya'ya ya sani, 'yar ɗan'uwa ba ta ciki, a bar ta a gida.

Malam Sagiru kuwa cewa ya yi abu mai sauƙi ne, a je a yi takardar rantsuwa a sake takardar haihuwa da sunansa. Bala da kansa ya zo har ofis da tsarabar gyaɗa, bakinsa har kunne, ya ce a goge sunansa, shi ya bayar duniya da lahira. Babu mai rigima fa, Anti, kowa ya yarda sai ni. Na san in aka gano, ko aka nemi gwajin jini, ana iya hana su shiga gaba ɗaya, aikina ma ya tafi. In na ƙi kuma, Malam Sagiru ya riga ya faɗa min, ba da fushi ba, cewa ba zai taka jirgi ya bar ta ba, a ba wani. Ga Barira ta gama ɗinke-ɗinke, ga yarinya ta gaya wa duk 'yan ajinsu.

Shin ƙarya ce in rubuta abin da a gidansu gaskiya ne? Ina jin kunyar mutanen nan ƙwarai.

Ƙanwarki, 'yar goggo daga Kademi.

AMSA

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Amsar a taƙaice ita ce kada ki sa hannu, kuma kada a taɓa takardar haihuwar nan.

Mutanenki suna da gaskiya, Afra'u 'yar Malam Sagiru ce ta duk fuskar da raino ke mayar da yaro ɗa. Amma fom ba wanda ya raina yake tambaya ba, wanda ya haifa yake tambaya, kuma wannan amsarta ɗaya ce. Ko a addini ba a cire wa yaro sunan ubansa, akwai gado a gaba, akwai waliccin aure. Ki tuna wa Malam Sagiru haka a hankali, ya sani, ɗoki ne ya rufe masa ido. Manajarki ma ba muguwa ba ce. Shaida ta nema, ku kuma ba ku da ita saboda a wajenku ba a taɓa buƙatarta ba.

To a samo ta. Ki sa lauyan kamfani ya rubuta wa ofishin jakadancin ƙasar, a tambaye su a rubuce wace shaida suke karɓa ga yaron da ke hannun mariƙi. Da amsarsu za ku je kotu a tabbatar da riƙon da ya riga ya shekara bakwai, ku haɗa da katin asibiti, takardun makaranta da wasiƙar mai unguwa. Ki nemi kamfani ya ƙara lokaci, ko Malam Sagiru ya yi gaba, Barira da yarinya su biyo shi. Ki kuma rubuta wa shugabanninki su sa 'yan riƙo a tsarinsu, domin muddin daga Gaya da Ajingi suke ɗaukar ma'aikata, wannan ba shi ne na ƙarshe ba. Ba na yi miki alkawarin za a ba da bizar. In an hana, tafiya ko zama shawarar Malam Sagiru ce, ba laifinki ba ne.

Saura abu ɗaya. Na ji bakin kowa a wasiƙarki, har da manaja, amma ban ji na matar da ta haifi Afra'u ba, ko sunanta ba ki ambata ba. Na san kara ba za ta bari ta yi magana a gaban maza ba. Sai dai ita maƙwabta ta ba 'yarta, inda take jiyo muryarta kullum da safe, ba ta san da jirgi ba. Kafin lauya, kafin kotu, ki je Gafasa ki zauna da ita ku biyu, ki tambaye ta ko ta yarda, ki kuma ba ta lokaci ta amsa.

Allah ya sauƙaƙa miki, ya raya Afra'u, ya saka wa iyayenta duka huɗu da alheri.

Anti Zulfa